Yadda malamin yara masu buƙata ta musamman zai riƙe amanar ɗalibansa

Duk sabon malamin da aka turo mana, abin da nake fara ja masa kunne a kai shi ne waya. Kada ka ɗauki hoton yaro ka ɗora a Facebook ko WhatsApp sai da izinin iyayensa, in ya yi wayo kuma har da yardarsa. Ko baƙi ne suka zo da buhunan shinkafa suna neman hoto, ka ce su tsaya da shugaban makaranta. Yaron da ba ya gani bai san an saita masa kyamara ba, kai ne za ka hana.

Haka takardun asibiti. Wane yana da farfaɗiya, wance tana fitsarin kwance, wannan ba hirar ɗakin malamai ba ce. Amma mai kula da ɗakin kwana dole ta san mai farfaɗiya, ta kuma san a gefe ake kwantar da shi in farfaɗiyar ta tashi, ba a cusa masa cokali a baki. Ka sanar da wanda aikinsa ya shafa, sauran ka kama bakinka.

Taɓa jiki kuwa, a nan masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. In za ka yi wa makaho jagora, yi sallama, faɗi sunanka, tambaye shi, sannan ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe. Ba a finciko shi. Keken mai shan inna ba a tura shi sai ya ce a tura. Kurma ka zagayo gabansa ko ka ɗan taɓa kafaɗarsa. Taimakon banɗaki mace ga mace, namiji ga namiji, kuma da sanin wani ma'aikaci. Bulala dai ka manta da ita.

Uwa za ta tare ka ta ce, "Malam, zai yi magana kuwa?" Tausayi kada ya sa ka yi alkawarin da ba naka ba. Faɗi abin da ka gani: ya iya alamomi kaza, yana rubuta sunansa. Ka kuma tuna mata cewa dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba ɗanta ilimi kyauta har sakandare. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

In yaro ya nuna maka wani na cutar da shi, ko da abokin aikinka ne, rubuta yadda ya faɗa da kwanan wata, ka kai wa shugaba a ranar. Wannan ma ya isa ya sa ka koyi maganar hannu da rubutun makafi da kyau. Shaidar kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman da ke Oyo ko rajistar hukumar rajistar malamai (TRCN) ba za su fassara maka ƙorafin kurma ba, kuma ɗalibi ɗan uwansa bai kamata ya zama tafinta a irin wannan magana ba.