Akwatin Karatu na Aji: Haɗa Shi, Cika Shi, Kare Shi daga Gara

Yaro ba ya ƙwarewa a karatu da kallon allo kaɗai, sai takarda ta zauna a hannunsa kowace rana. Amma sau da yawa ƴan littattafan da makaranta ke da su suna kulle a ofishin darakta, don tsoron yara su yaga ko su ɓatar. Tsoron na da dalili. Maganinsa kowane aji ya mallaki akwatinsa, mabuɗi a hannun malamin aji, da littattafan da ko sun yage ana iya sake yin wasu.

A nemi akwatin ƙarfe irin wanda maƙera ke bugawa a kasuwar Maraɗi, mai tsawon santimita 60 zuwa 70. Na katako abincin gara ne, kwali kuma ɓera ba ya barinsa. A ɗora shi bisa bulo huɗu na siminti, ya tashi daga ƙasa kamar santimita 20, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Gara ba ta tafiya a fili, sai ta gina hanyar laka ta bi ciki. In akwai tazara za a ga hanyar tun ba ta iso ba. Kowace Litinin a leƙa ƙarƙashi, in an ga zanen laka a kankare shi nan take. A shimfiɗa kwali a gindin akwati don tsatsa, a jefa ƙunshin busasshen ganyen dogon yaro cikin ƙyalle. Sai ya bushe ƙayau, ɗanye fumfuna yake kawowa. Yana rage ƙananan ƙwarin takarda, amma kada a dogara da shi wajen gara.

In ajin na zana ne, akwati ba ya kwana a ciki. Bayan gobarar watan Nuwamba na 2021, wadda ta ci rayukan ƙananan yara a azuzuwan zana a nan Maraɗi, babu mai buƙatar a yi masa bayanin haɗarin tara takarda a rumfar kara. Yara biyu manya su ɗauko shi da safe daga ɗakin gini, su mayar in an tashi.

To, me za a zuba a ciki? Littattafan da makaranta ta samu daga INDRAP, cibiyar gwamnatin Nijar mai shirya littattafan koyarwa, su fara shiga. Sai dai ba sa isa, na Hausa kuma su ne mafi ƙaranci, ko da yake tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram. Saura malam ne zai yi da hannunsa, kuma aikin bai kai yadda ake zato ba.

Takarda A4 huɗu, in aka haɗa aka ninke biyu, sun ba da littafi mai shafi 16. Ram guda mai takarda 500 zai fitar da littafi 125. Ajin yara 80 yana buƙatar labari 10, kowanne kwafi 8, wato takarda 320. Inda ake yawan yin ɓarna shi ne wajen fotokofi. Mutum ya rubuta shafuka a jere, a buga, a ninke, sai ga shafukan a hargitse. A fara ninke farar takarda tukuna, a sa lambar shafi da fensir, sannan a warware a rubuta. Za a ga 16 na zaune kusa da 1, 2 kusa da 15, haka har tsakiya. Bango kuwa kwalin sabulu ko na taliya ya wadatar, a yanke shi ya ɗara takardar da rabin santimita.

Ɗinki ya fi komai riƙo. A huda rami uku a kan ninkin: ɗaya a tsakiya, ɗaya santimita 5 daga sama, ɗaya santimita 5 daga ƙasa. A yanki zare mai kauri kamar rabin mita. Allura ta fita ta ramin tsakiya daga ciki, ta dawo ta na sama, ta tsallake tsakiya ta fita ta na ƙasa, ta sake shigowa ta tsakiya. Bakin zaren biyu su sa dogon zaren a tsakaninsu, a ƙulle sau biyu. Ƙusar matse takarda tana tsatsa da damina, tana kuma yankar yatsa. Salatif yana saki da zafin Afrilu ya bar tabo mai danƙo. Gam ɗin da aka dama da garin rogo ko na alkama yana kiran kyankyaso da ɓera, don a wurinsu tuwo ne. In liƙi ya zama dole, a shafa farin gam na kafintoci, siriri.

Abin da aka rubuta ciki ya fi bangon muhimmanci, kuma nan muke roƙon malamai su yi haƙuri. Littafin ɗan CI, wato ajin farko na firamare, kada ya ƙunshi harafin da ba a koya ba tukuna. In aji ya san a, i, n kawai, ga shafi ya samu: "Ina Nana? Nana na nan." Da an ƙara k da u, labari ya buɗe: "Nana na kuka. Ina kaka? Kaka na nan." Jimla ɗaya ko biyu a shafi, harafi mai tsayin santimita ɗaya, zane a sama. Yaron da ya karanta littafi sukutum da kansa a watansa na biyu ba sai an tura shi wajen akwati ba. Ga ƴan CP da CE1, wato aji na biyu da na uku, a rubuta tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, yadda ake tuyar ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa, shuka a Gulbi. Ƴan CM, wato aji na biyar da na shida, su rubuta wasu, malam ya gyara.

A kula da lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, a fito da ita sosai, don fotokofi mai rauni yana cinye ta, ɗaki ya koma daki. Yaran da suka fara da makarantar allo hannunsu ya saba farawa daga dama. Ɗigon ja a gefen hagu na kowane layi yana gyara wannan cikin ƴan makonni, ba tare da tsawa ba. Littafin Hausa da na Faransanci kada su cakuɗe wa ƙananan aji, saboda c, u da e ba sauti ɗaya suke bayarwa a harsunan biyu ba. A raba su da launi a ƙashin bayan littafi, a kuma sa ɗigo ɗaya, biyu ko uku gwargwadon wuya.

Minti 20 a rana sun isa, in dai ba a fashi. Safiya ta fi, kafin zafi ya kashe jiki. A kasa aji gungu goma na yara takwas, kowane gungu da labarinsa, a juya duk mako. Mako goma ke nan kafin gungu ya maimaita labari. Minti 5 na farko malam ya karanta da ƙarfi. Minti 10 yara su karanta bibbiyu, ɗaya na karantawa, ɗaya na bi da yatsa, sai su canja. Sauran 5 a tambayi biyu ko uku abin da ya faru a labarin. Kada a bar aji ya riƙa rerawa baki ɗaya: murya tana tashi, amma rabin yaran haddace suke, idonsu ba ya kan takarda. Don gano su, lokacin karatun bibbiyu a kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta shafin da bai taɓa gani ba na minti ɗaya, a rubuta yawan kalmomin da ya faɗa daidai. Cikin kwana 16 na makaranta an zagaye yara 80. Waɗanda ba su motsa ba daga wata zuwa wata, a mayar da su littafin ɗigo ɗaya, a zaunar da su gaba.

Aro zuwa gida ranar Juma'a, a dawo Litinin, cikin leda. Kaye, wato littafin rubutu, guda ɗaya ya isa rajista: lambar littafi, sunan yaro, ranar fita, ranar dawowa. Yarinya ɗaya da yaro ɗaya su riƙe shi, a canja su duk wata. Wanda ya yaga ya zauna ya ɗinke tare da malam. Tarar kuɗi ba mu goyon bayanta, don da an ci uwa tara sau ɗaya za ta ce kada a sake kawo mata littafi gida. Ya fi kyau a sanar da iyaye tsarin a taron kwamitin makaranta, a roƙe su kwali da zare.

Kafin hutun damina, a ƙarshen Yuni, a ƙirga littattafai da rajista, a kakkaɓe ƙura, a sha musu iska a inuwa, a canja ganyen dogon yaro. Akwati ya koma ɗakin da rufinsa ba ya yoyo, bisa bulonsa, a kuma sa wanda zai buɗe shi sau ɗaya a Agusta ya duba damshi da hanyar gara. Asalin kowane labari da aka rubuta da hannu a ajiye shi dabam cikin leda, daga shi za a sake buga waɗanda suka lalace in an koma a Oktoba.