Darasi na Shida: Ginshiƙai Biyu, Kaya Ɗaya

Dubi ƙofar ɗaki da kyau. Gini ya tsaya a dama, gini ya tsaya a hagu, an gitta linta a kansu. Nauyin bangon da ke sama yana sauka kan linta, ita kuma ta raba wa ɓangarorin biyu, su kai shi har tushe. Dabara ce tun ta kaka da kakanni. Duwatsun Stonehenge na Ingila, da suka haura shekara 4,000, haka aka jera su: biyu a tsaye, ɗaya a kwance.

Sai dai rabon ba kullum yake zuwa daidai ba. Samo bulo biyu, ka gitta katako mai kauri a kansu. In ka ɗora kaya mai kilo 100 a tsakiya cif, kowane bulo zai ɗauki kilo 50. Matsar da kayan zuwa kwatan tsawon katakon, sai bulon da ke kusa ya ɗauki kilo 75, na nesa ya tashi da 25 kacal. Shi ya sa ba a ɗora tankin ruwa a saman gini da ka, sai an tambayi injiniya.

Yanzu leƙa ƙarƙashin katakon yayin da kayan ke kai. Ya ɗan lanƙwasa: samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa. Linta ma haka take yi, ko da ido bai gani ba. Kankare gwani ne wajen jure danni, amma in aka ja shi sai ya tsage. Rodi kuwa yana jure ja. Don haka ake haɗa su, kuma manyan rodunan su zauna ta ƙasan linta, kankare ya lulluɓe su sosai don kada su yi tsatsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai gida ya sa a fasa gefe ɗaya don faɗaɗa ƙofa, yana cewa ai ɗayan na nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma in tushen ginshiƙi ɗaya ya nutse ya bar ɗan'uwansa, za ka ga tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa. Kada a shafe ta da filasta a manta. A kira masani ya duba tushen.

Aikin gida: kaya mai kilo 60 yana tsakiyar katako. Kilo nawa kowane bulo ya ɗauka? In an matsar da shi zuwa kwata fa?