Yadda Ake Gane Asid da Alkalin da Ruwan Zoɓo

Ɗalibai 'yan kimiyya sun dame ni da tambayar yadda za su yi gwajin gane asid (abu mai tsami, kamar lemun tsami) da alkalin (kishiyar asid, kamar kanwa) a gida, tunda takardar litmus, wadda ke sauya launi in ta taɓa asid ko alkalin, ba ko'ina ake samunta ba. To, zoɓo ya wadatar.

1. Jiƙa busasshen zoɓo kimanin cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi ɗaya, minti 10.
2. Tace shi. Ban da sukari, ban da citta.
3. Sirka da ruwa har ya zama ja-ja, ana hango ƙasan kofin. A nan ake yawan kuskure: in ya yi kauri, launin zai sauya amma ido ba zai gani ba.
4. Raba shi a kofunan gilashi 3.
5. Ajiye na farko don kwatance.
6. Matsa lemun tsami a na biyu. Jan zai ƙara haske: asid ke nan.
7. Ɗiga ruwan kanwa a na uku. Zai yi duhu ya koma kore-kore: alkalin ke nan.
8. Ɗiga lemun tsami a wannan koren kaɗan-kaɗan kana juyawa, har jan ya dawo.

Don Allah kada a gwada da ruwan batir. Bilic kuma, wato sinadarin wanki mai faranta tufafi, in ya haɗu da asid, iskar kulorin mai guba yake fitarwa.