Yadda za ka kare yaro daga cizon kare

Abu na farko da nake so iyaye su cire a ransu shi ne wai baƙon kare ne kawai abin tsoro. Eh shi ma abin tsoro ne, amma yawancin yaran da kare ke cizo wanda suka sani ne, na gida ko na maƙwabta, irin wanda kullum mai shi yake cewa "ai ba ya cizo". Sabo turken wawa. Duk kare mai haƙora a baki zai iya cizo in ya tsorata ko an matsa masa, kuma ka duba tsayin yaro ɗan shekara uku ko huɗu, fuskarsa daidai bakin karen take, shi ya sa nasu cizon ya fi zuwa a fuska da wuya.

To ka fara da mai sauƙin. Ƙaramin yaro da kare kar a bar su su kaɗai, ko wanka za ka shiga ka raba su ka ja ƙofa.

Sai kuma abin da na fi so a tsaya a kai, wato karanta jikin kare, don da wuya ya kai cizo bai yi gargaɗi ba, mu ne dai ba ma lura. Za ka ga yana lasar baki alhali ba abinci a gabansa, yana hamma ba barci yake ji ba, yana kau da kai kana hango farin idonsa, kunnuwa sun kwanta baya, jela ta shige tsakanin ƙafafu, in abin ya ci gaba sai jiki ya sandare gashin baya ya miƙe, sannan gurnani ya biyo. Duk cewa yake a ƙyale ni. Kaɗa jela ma ba kullum murna ba ce, in jelar ta miƙe sama jikin kuma a ƙame, ɗauke yaronka kawai. Kuma don Allah masu karnuka a daina dukan kare don ya yi gurnani, in ka hana shi gurnani ka kashe ƙararrawar ne, gobe ba sanarwa sai dai ka ji ihu.

Yaro ya san lokutan da ba a zuwa kusa sam: kare na cin abinci, yana barci, yana ciwo, ko karya na tare da kwikwiyoyinta. Wanda aka ɗaure ma haka, tunda ba shi da hanyar gudu bakinsa ne kawai ya rage masa. Ban da jan jela, ban da hawa bayansa, ban da jifa, har rungumar nan da ake ɗauka a bidiyo ana dariya, karnuka da yawa haƙuri kawai suke yi da ita.

In baƙon kare ya nufo yaro a hanya fa? Nan ne wahalar, don ƙafa da kanta take son gudu, kuma gudun ne ke sa kare ya bi, ba yaron da zai tsere masa. Ya tsaya cak kamar bishiya, hannuwa a jiki, ba ihu, kar ya zuba masa ido, yawanci zai sunsuna ya wuce, sai yaron ya ja baya a hankali. In ya kayar da shi ya dunƙule ya rufe kai da wuya da hannuwa. Faɗa da baki ba ya isa gaskiya, ku mayar da shi wasa a gida, kai ne karen shi ne bishiyar, ku yi ta yi har ya zauna masa.

In tsautsayi ya faɗa, ko yakushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cif, a duba agogo don ya fi yadda kake zato tsawo, a sa aidin in akwai, sai asibiti a ranar, kar a tsaya shafe-shafe. Dalili shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yakan yi wata biyu zuwa uku a jiki shiru, rauni ya warke kowa ya manta, amma da alamun sun bayyana kusan ba a tashi. Allurar rigakafin ciwon kuwa tana aiki in an fara da wuri, kuma ba ɗaya ba ce, a cika duk ranakun da likita ya rubuta, a tambaye shi ta tetanus ma. Mai kare kuma ya kai shi wajen likitan dabbobi rigakafi tun yana wata uku, ya riƙa sabuntawa.

Wani abu da ake mantawa, yara suna ɓoye cizo, musamman in sun san su suka tsokano karen. Tun yau ka zaunar da naka ka ce masa ko ɗan ƙarzane ne ya zo ya nuna maka, ba duka ba faɗa, ranar da ya zo ɗin kuma ka cika alkawari, ka kama hannunsa ku nufi famfo.