Yadda za ki riƙe gida idan yara sun dawo dogon hutu

Ranar da aka ba da sakamakon zango na uku, tun daga soro uwa ke gane labari. Wanda ya yi abin kirki da ƙarfi yake doka sallama, wanda lissafi ya kayar kuwa sai ya saɗaɗo kamar kazar da ruwa ya daka, ya tura jakarsa ƙarƙashin gado. A Kano hutun nan yakan faɗo a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ya kai mu Satumba. Wato tsakiyar marka ke nan, hatsin bara ya ja baya, sabo bai shigo ba, sauro kuma ya samu gari. 'Ya'ya huɗu nake raino a Ɗorayi, kuma sai da hutu biyu suka wahalar da ni kafin na gane cewa aikin duk a satin farko yake. In kika bar shi ya wuce a barci da kallo, sauran satin biyar ko shida a tsawa za ki ƙare su.

Fara da takardar sakamako, amma ba ranar da aka kawo ta ba. Bari kwana biyu, zuciya ta huce, sannan ki kira kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba. Matsayin da ya zo a aji bai cika gaya miki komai ba, don na biyar a wani ajin na ashirin ne a wani. Ki gwada shi da kanki. Miƙa masa kwalin magani ya karanta miki abin da ke jiki, ko ki aike shi kanti da dubu ɗaya ya sayo abu uku ya faɗi canjinsa kafin ya fita. Nan za ki ga inda gizo ke saƙa. Ki zaɓi darasi ɗaya tak da za a gyara a hutun, ɗaya fa, ba biyar ba.

Daga nan sai maganar kuɗi, kuma wannan da maigida za ku zauna. Satumba tana zuwa da kuɗin makaranta, littattafai, takalmi da yunifom a lokaci guda, musamman in akwai mai shiga ƙaramar sakandare ko mai tsallakawa babba. Ku rubuta komai a takarda tun yanzu. Yadin yunifom a sayo shi a Kantin Kwari cikin Agusta a kai wa tela, domin da zarar an ce saura sati a koma, telan unguwa sai ya zama sarki, ki yi ta sintiri yana cewa gobe. Ki tattara littattafan yayye ki ware waɗanda ƙanne za su gada. In kina adashi, roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo ƙarshen Agusta.

Abinci kuma, kada ki yaudari kanki da cewa an huta da kuɗin tara da na adaidaita sahu. Yaron da ke gida bakinsa ba ya hutawa. Mu abin da muke yi, gida uku muke haɗa kuɗi a sayo buhun masara ko gero a Dawanau a raba da kwano, kayan miya kuma a ɗauko a 'Yankaba. Damina ma tana taimakawa: ga zogale, ga rama, ga tafasa, ga sabuwar masara da dafaffiyar gyaɗa. Kwaɗo da rana yana riƙe ciki fiye da biskit ɗin kanti. Mukullin sito dai ya zauna a haɓar zaninki.

Mataki na uku shi ne ki ba wa yini ƙashin baya, kuma ba sai kin manna jadawali a bango ba, salloli biyar sun isa. Bayan asuba a yi tilawa, ko da shafi ɗaya ne, sai shara da wanke-wanke, kowa da nasa aikin, maza da mata. Da hantsi awa ɗaya ta karatun boko a kan darasin nan da kika zaɓa. Bayan azahar a kwanta. La'asar ta Islamiyya ce. Da kiran magariba kowa ya kasance a cikin gida, wannan kam babu sassauci. Abin da ya rage tsakanin waɗannan nasu ne, su yi langa, su yi 'yar gala-gala, su buga ƙwallo a ƙofar gida.

Za a kawo miki takardar lesin hutu. Ki yi tunani kafin ki biya. Wata shekara na biya wa biyu daga cikinsu a wata makaranta a nan unguwarmu, sai daga baya na gano malami ɗaya ne ke riƙe da aji uku, yara na ta kwafar abin da suka riga suka yi a zango na biyu. Lesin yana da amfani ga mai fuskantar jarrabawar shiga sakandare ko WAEC da NECO a shekara mai zuwa, da wanda har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. Sauran, wani ɗalibin jami'a a layinku da zai zauna da su awa ɗaya sau uku a sati ya fi musu.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne na huɗu: duk yaron da ya kai shekara goma ya fita daga hutun da wani abu a hannunsa. Muna zaune a garin da marinar Ƙofar Mata ke aiki tun ƙarnuka, dukawa na ɗinka fata a Kurmi, masu gyaran waya sun cika Farm Centre, kowane lungu da tela da kafinta da mai walda. Abin kunya ne yaro ya gama sakandare a Kano bai iya ko sa maɓalli ba. Sai dai kai yaro koyon sana'a yana da ƙa'ida. Ki zaɓi wanda kuka san gidansa, ba shagonsa kawai ba, kuma kusa, inda yaro zai je da ƙafa. Uban yaron ya kai shi da kansa. A yi magana a fili kan lokacin zuwa da na tashi, da cewa la'asar ta Islamiyya ce, a kuma ba yaro kuɗin abincinsa daga gida don kada ya zama nauyi.

Na tuna ranar da maigidana ya kai babban namu wajen telan bakin layi. Ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, mun ba ka amana. In ya yi ba daidai ba ka hukunta, amma don Allah ya taɓa keke, kada hutun ya ƙare a sayo shayi." Telan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai kowa da sayo shayin ya fara." Sati biyu yaron yana guga da tsinke zare, yana dawowa yana ƙunƙuni. A sati na huɗu ya shigo da rigar filo, ɗinkin ya karkace kamar hanyar ƙauye, ya ce, "Umma, ni na yi." Har yau tana kan gadona.

'Yan mata ma haka: kitso, lalle, ɗinkin hula, saƙa, haɗa turaren wuta, a wajen wata babbar mace da kika yarda da ita, cikin gida. Koyon sana'a daban, ɗora wa yarinya faranti ta zaga tasha da talla daban. Girki kuwa kowa ya koya. Ɗana na biyu ya fi yayarsa iya ɗanwake, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa.

Na biyar, damina. Ki zagaya unguwarku da ido ki san inda kududdufi yake, inda kwalbati ya buɗe baki, da katangar ƙasa da ta jiƙe ta fara tsagewa. Kusan kowace damina sai an ji labarin yaron da ya tafi wanka a kududdufi bai dawo ba, kuma yawanci da abokai ake zuwa. Ki faɗa musu ƙarara, ki kuma faɗa wa iyayen abokan. In hadari ya haɗo, a shigo gida, a nisanci turakun lantarki. Gidan sauro a ɗaura shi tun magariba, a zubar da ruwan da ya taru a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Idan ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida suka zo da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki karɓa, ki kuma cika na sauran kwana biyun da za su bar miki, duk wata. Yaro ya fara gudawa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In da amai, ko jiki ya saki, asibiti kai tsaye.

Sai zumunci. In kakanni suna ƙauye, sati ɗaya ko biyu a can ya fi kowane lesin. Yaro ya ga gero a tsaye a gona, ya riƙe fartanya, ya ji tatsuniya daga bakin da ya iya ta. Ki haɗa su da gidan sauronsu da ɗan abin hannu, kada ki tura wa tsohuwa baki huɗu hannu rabbana. Masu zama a gari kuma, Alhamis ce ranar fita tunda babu Islamiyya. Ku je Gidan Makama, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ku hau Dala da safe su hango birnin gaba ɗaya, wata ranar kuma gidan zu na Audu Baƙo. Yara da yawa an haife su a Kano ba su taɓa hawa Dala ba, har da ni sai da na yi aure.

Wayarki kuwa, sa mata mukulli. A gidana bayan isha ake kallo, a falo, kowa na gani, kuma in caji ya ƙare ya ƙare.

Saura kwana bakwai a koma, ki dawo da barcin wuri da tashin wuri, a wanke jakunkuna, a je aski da kitso. Kowa ya saka yunifom ɗinsa ya tsaya a gabanki, takalmi da safa duka, domin a sati shida ƙafar yaro takan ƙara tsawo, kuma gara ki gano haka ranar Talata da ki gano shi da safiyar Litinin mai adaidaita yana hon a ƙofar gida.