Yadda na shawo kan matsalar disk ɗin ext4 da ya ƙi buɗuwa

Na ciro had disk daga wata tsohuwar na'urar ajiya mai firosesar ARM na jona shi a kwamfutata mai Linux (disk ɗin na da ext4, wato wani tsarin ajiye fayiloli na Linux), sai mount, umarnin da ke buɗe disk, ya dinga cewa wai bad superblock, wato wai wurin da ke ɗauke da bayanin tsarin disk ɗin ya lalace. Na canza wayar da ke haɗa disk ɗin, na gwada superblock na ajiya, na sa e2fsck -n, manhajar binciken lafiyar ext4, ya duba, shi kuma ya ce komai lafiya lau.

Da na buga dmesg, mai nuna saƙonnin kernel (wato zuciyar Linux), sai na ga "bad block size 65536". Sai na buga sudo dumpe2fs -h /dev/sdb1, ya nuna girman bulo (gutsuren da ake rarraba disk zuwa gare su) 65536, wato 64K, na buga getconf PAGESIZE don ganin girman shafin memori ya ba ni 4096, wato 4K. Ashe nan gizo ke saƙar. Kernel yana karanto bayanan disk ne cikin shafukan memori, to a kernel ɗin da nake da shi bulon ext4 ba zai fi shafi ɗaya girma ba, shafin x86, irin firosesar kwamfutata, kuwa 4K ne, ita waccan na'urar shafinta 64K shi ya sa take karantawa ba gardama.

Mafita ita ce fuse2fs, wani shirin buɗe disk ɗin ext4, don shi ba ya bi ta direban ext4 na cikin kernel ɗin:

sudo fuse2fs -o ro /dev/sdb1 /mnt/tsoho

Kar ku manta da ro ɗin nan don Allah, karatu kawai, ba rubutu. Fuse2fs ɗin ba shi da sauri gaskiya amma na kwashe komai da rsync -a zuwa wani disk, na duba fayilolin suna buɗuwa, sannan na sake fomatin tsohon da mkfs.ext4 -b 4096.

Alhamdulillah hankalina ya kwanta, Allah ya saka wa masu e2fsprogs, kunshin da fuse2fs ke ciki, da alheri.