Hanyar zama malamin jami'a a fannin tattalin arzikin noma

Duk ɗalibin da ya zo mini da burin koyarwa da bincike a fannin tattalin arzikin noma, tambayar farko da nake yi masa ita ce yaya yake da lissafi. Son manoma abu ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a wannan fanni. Aikinmu ya tsaya ne a kan ƙa'idojin tattalin arziki da ƙididdiga, musamman ikonometirik, wato auna yadda wani abu ke shafar wani ta hanyar alƙaluma. In ka san ka yi ta zille wa aljabra da kalkulas a digiri na farko, koma ka gyara kafin ka nemi na biyu. Ka koyi Stata ko R, manhajojin kwamfuta na nazarin alƙaluma, har hannunka ya faɗa. R kyauta ce, ba ka da hanzari.

Daga nan sai zaɓen tambaya, kuma a nan yawanci ake ɓata. Ɗalibi zai ce yana so ya yi nazarin "wadatar abinci a duniya". Wannan take ne na taro, kundi ba ya ɗaukarsa. Dubi abin da ya faru a 2007 zuwa 2008, lokacin da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa, farashinta ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya cikin 'yan watanni. A cikin wannan lamari guda akwai tambayoyi masu tsoka. Nawa ne daga cikin tashin ya fito daga hana fitarwar, nawa daga firgicin masu saye? Wa ya amfana a cikin gida, manomi ko mai ci? Ɗauki ɗaya ka riƙe ta shekaru. Masanin tattalin arziki Zvi Griliches ya yi suna ne a 1957 da nazarin abu guda, yadda irin masara mai aure ya yaɗu tsakanin manoman Amurka, har yau kuma ana karanta shi.

Tambaya ba ta tsayawa sai da bayanai. FAOSTAT, ma'ajiyar bayanai ta Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), tana da alƙaluman noma tun daga 1961. Comtrade ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana nuna kayan da kowace ƙasa ta shigar da waɗanda ta fitar. Bankin Duniya kuma yana da binciken gida-gida kan yanayin rayuwar jama'a mai suna LSMS. Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya ka san shi ciki da bai. In LSMS ka zaɓa, karanta takardar tambayoyin da aka yi wa manoma kafin ka taɓa alƙaluman. Za ka ga ana tambayar mutum faɗin gonarsa ya faɗa da ka, kuma da aka riƙa aunawa da GPS sai aka ga masu ƙananan gonaki sukan faɗi sama da abin da suke da shi. Wannan kaɗai yana iya juya sakamakonka a kan amfanin kowace hekta. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su fita gona ko da sau ɗaya, su riƙe takardar da hannunsu, su ji yadda manomi ke lissafa girbin bara.

In ɓangaren ciniki ya fi jan hankalinka, sai ka zauna da Yarjejeniyar Noma ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya (WTO) wadda ta fara aiki a 1995, ka fahimci yadda ta kasa tallafin gwamnati: wanda ke karkatar da ciniki ana ƙayyade shi, irin na bincike da wayar da kan manoma kuwa an bar shi. Ka kuma leƙa GTAP na Jami'ar Purdue ta Amurka, tsarin lissafin cinikin duniya da ake gwada tasirin harajin shigo da kaya da shi.

Wajen digirin digirgir, malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Bincika ko yana wallafawa har yanzu, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana karanta abin da aka ba shi.

Ka fara aika rubutu mujallu tun kana ɗalibi. Food Policy da Agricultural Economics da American Journal of Agricultural Economics su ne irin wuraren da masu ɗaukar aiki ke dubawa. Za a mayar maka da takarda, wani lokaci da zafafan kalamai; gyara abin da yake gaskiya a ciki ka tura wani wuri. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda, domin tabonsu ba ya fita daga takardar neman aiki. Ƙungiyar masana tattalin arzikin noma ta duniya, IAAE, tana taro duk bayan shekara 3, ka yi ƙoƙarin gabatar da aikinka a can.

Sannan duk binciken da ka gama, ka rubuta shi a shafi biyu da harshen da jami'in ma'aikata zai karanta tsakanin taro da taro: me ka gano, wa abin ya shafa, me zai ci in an aiwatar. Cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, IFPRI, tana fitar da irin waɗannan gajerun takardu, samo kaɗan ka ga yadda ake tsara su.